Mai Ido Ɗaya ta Rumfar Furanni

Tun ranar da Don Melchor ya hana Nicanor taka zaurensa, abinci ya daina yi wa Casilda daɗi.

Ba wani laifi Nicanor ya yi ba. Shekara biyu yana zuwa gidan duk ranar Alhamis da la'asar. Tun daga bakin ƙofa zai cire hula, ya ɗosana a gefen kujera, ya sha cakulan ɗin da aka zuba masa bai nemi ƙari ba. Casilda kuwa tana can ƙarshen falo da ɗinki a cinya, kai a sunkuye, in ya yi magana goma ta amsa ɗaya. Haka suka yi soyayyarsu a gaban uba da gwaggo da wani aku mai shegen surutu.

Laifinsa ɗaya ne, goge yake kaɗawa a gidan wasan kwaikwayo. Don Melchor, wanda ya shekara talatin yana sayar da maɓallai da leshi a rumfunan babban dandalin birnin Lima, ya ce bai yi renon 'yarsa tilo don ya miƙa wa mutumin da ke neman abinci a ramin makaɗa, ƙarƙashin ƙafafun 'yan rawa ba. Shekara biyun nan bai tuna da ramin ba, sai da Don Evaristo ya fara aiko da kwandunan inabi yana neman auren Casilda.

Shi Don Evaristo kashin tsuntsayen teku, wanda ake taki da shi, yake loda wa jiragen Turawa, kuma ya yi arziki da shi ba na wasa ba. Yana zuba turare har sai idon mutum ya yi ruwa, amma duk Lima an san inda arzikin ya fito.

"Ba zan tilasta miki kowa ba," in ji Don Melchor ranar da ya yanke hukunci. "Shekarunki ashirin da huɗu, ke ba yarinya ba ce. Amma mai gogen nan, ki ɗora hannu a kan gicciyen mahaifiyarki ki yi min alkawari. Ba magana, ba wasiƙa, ba leƙe ta taga."

Ta ɗora. Casilda ba ta taɓa iya musu da ubanta ba, ko a kan gishirin miya ne. Ta shige ɗaki ta yi kwana tara tana kuka.

A rana ta goma gwaggonta ta gaji.

Doña Petronila yayar Don Melchor ce, ta binne maza biyu kuma ba ta da niyyar binne na uku. Ta shigo ɗakin ta rufe ƙofa, ta jawo akwatinta, ta zazzage wani tsohon siket mai ninki-ninki wanda bakinsa duk ya zare, da baƙin mayafin siliki, da takalmi sawu ɗaya.

"Tashi ki saka. Kin ishe ni da jan majina."

Casilda ta tuna mata da gicciye. Gwaggo ta ce ai Casilda ce ta yi alkawari, kuma Casilda za ta zauna a gida ta cika alkawarinta. Wadda za ta fita ba ta da suna. Tun zamanin kakanni, mace in ta ɗaura mayafin nan a ƙugu ta jawo shi ta rufe kai, ta riƙe bakinsa da hannu ya zamana ido ɗaya kaɗai ke waje, to ba 'yar kowa ba ce, ba matar kowa ba ce. Bishop-bishop nawa suka yi wa'azi a kai har muryarsu ta dishe, matan Lima ba su fasa ba. Kuma namijin da ya kuskura ya kai hannu ya yaye mayafin mace a titi, kafin dogarai su iso mutanen kasuwa sun gama da shi.

Gwaggo ta cire mata zobe, ta sa mata safar hannu. Ta ba ta ƙwallon zaitun ta ce ta ajiye a kunci, murya za ta yi kauri. Takalmin ma na Gwaggo ne, don mazan garin nan da ƙafa suke gane mace, ko kuwa haka suke yaudarar kansu.

Nicanor kullum da hantsi yana ratsa rumfar masu furanni a hanyarsa ta zuwa gwajin wasa. Nan Casilda ta tsaya jiransa. Niyyarta ta ce masa ni ce, ka yi haƙuri, kada ka manta da ni, ta juya ta gudu.

Ya zo da akwatin gogensa a hammata, ya rame, kwalar rigarsa a karkace. Ya kalle ta ido cikin ido, ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Bai gane ta ba. To ina zai gane ta? Shekara biyu bai taɓa samun idon Casilda sosai ba, kullum idon yana kan allura.

Abin ya ba ta haushi, kuma haushin ne ya buɗe mata baki. Ta ji wata murya da ba ta san tana da ita ba tana cewa, "Malam mai goge, gawa ce a akwatin nan ko fuskarka ce dama haka?"

Ya tsaya. Ya ce gawar zuciyarsa ce. Ta ce to ya yi sauri ya binne, don ta fara damun masu sayar da fure. Mai furannin ta tuntsire da dariya, shi ma dariyar ta kufce masa, irin wadda Casilda ba ta taɓa ji a falon ubanta ba.

Ta koma gida ba ta faɗi sunanta ba. Ta ce wa kanta sai ranar Asabar.

Asabar ta zo ta wuce, Talata ma haka. Wata biyu ana abu ɗaya. Yakan saya mata ƙullin furen yasmin cikin ganyen ayaba, su taka zuwa gada, su tsaya wurin mai tuyar ƙosan kabewa, tana tura loma ta ƙarƙashin mayafi yana kawar da kai saboda ladabi. Da farko hirar Casilda yake yi mata, yadda aka raba su, yadda ba ya barci. Tana jin daɗin wannan ƙwarai. Daga baya hirar ta ragu. Daga baya kuma sai in ita ta tayar.

Ita kuwa bakinta ba ya hutawa. Ta kwaikwayi tafiyar limamin cocinsu, ta zagi sabon wasan da suke yi, wanda a cikinsa wani hafsan soja yake zawarcin matarsa ta aure a wurin rawa bai sani ba. Nicanor ya ce shi ma wasan haushi yake ba shi, dare arba'in yana kaɗa masa goge, har yau bai ga namijin da zai tsaya gaban macen da yake so ya kasa gane ta ba. Ta ce gaskiyarsa, sai dai jaki. Ya ce jakin ma na ƙauye.

Ranar da ta dawo da wannan labari, Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta nutsu ta ce, "Amma ki faɗa masa, Casilda. Wasan nan in ya yi tsawo ɗaci yake."

Casilda ta ce to, kamar yadda take cewa to ga komai.

* * *

Don Evaristo da kansa ya tuge kansa, ba wanda ya taɓa shi.

Wata Laraba ya hangi wata mai mayafi a hanyar shaƙatawa ta ƙetaren gada, tafiyarta ta yi masa. Ya bi ta, ya saya mata fure mafi tsada, ya share mata benci da hankicinsa mai harafin sunansa, ta karɓe hankicin ta ce na tunawa ne. Da hira ta yi daɗi ta tambaye shi ko gaskiya ne zai yi aure. Ya ce a'a, rumfa zai aura, mai ƙofa biyu a kan dandali. Sai dai rumfar tana zuwa da wata yarinya mai fuskar zaman makoki, da wata tsohuwar ungulu da zai kai gidan 'yan zuhudu washegarin biki.

Da yammar ranar aka gayyace shi cin abinci gidan Don Melchor. An zuba miya ke nan Doña Petronila ta ninke hankicin ta ajiye gefen farantinsa, ta maimaita maganar tasa kalma bayan kalma, da muryar da ya sha hira da ita ɗazu. Ba ta rage ko ungulun ba.

Ya fita bai ɗauki sandarsa ba. Washegari aka aika masa da ita.

Don Melchor ya yi kwana uku ba ya shiga harkar kowa. A na huɗu ya kira 'yarsa, ya ce ya sauke mata alkawarin nan. Ya ce ya riga ya aika wa Nicanor ya zo ranar Lahadi bayan an taso daga coci, in har yanzu yana da magana ya faɗe ta a gaban mutane.

"Talaka ne, kuma a rami yake," ya ce yana gyara tabarau. "Amma aƙalla ban taɓa jin an gan shi yana bin mayafi a titi ba."

Gwaggo ta sarƙe da shayinta. Casilda ta sumbaci hannun ubanta ta yi godiya.

Ran Asabar ta saka tsohon siket ɗin da murna, tana cewa yau ne na ƙarshe. Ta san abin da zai faru. Zai ce mata baiwar Allah, na gode da hira, amma an dawo min da Casildata, daga yau kada ki jira ni. Ita kuma ta ja shi bayan ginshiƙi ta ɗaga mayafin, ya riƙe baki, su yi dariya har su tsufa suna ba jikoki labari.

Ana ɗan yayyafin nan na Lima da ba ya jiƙa ƙasa sai tufafi. Ta same shi tsaye, fure a hannu.

"Malam mai goge, an ce gobe za a kai ka mahauta. Murna zan yi maka ko ta'aziyya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce su taka. Sai da suka kai tsakiyar gada, inda ƙarar ruwa ke rufe magana, ya tsaya.

"Zan je goben. Amma ba neman aure zan je ba."

Ƙwallon zaitun ya kusa wuce mata maƙogwaro.

Ya ce Casilda mutuniyar kirki ce, Allah ya sani, ba ta taɓa ɓata masa ba. Ya ce da aka raba su ya ɗauka mutuwa zai yi. Amma shekara biyu yana zaune a gabanta, yau in an sa masa wuƙa ba zai iya faɗin abu ɗaya da ke ba ta dariya ba. Bai san me take so ba, bai san me ta ƙi ba. Zaman falon nan, sai yanzu ya gane, jira kawai yake agogo ya buga shida ya tashi ya je ya yi begenta a hanya, don begen ya fi zaman daɗi.

"Ke kuwa tun daren Litinin nake ƙirga awoyin Talata."

"Ka taɓa tambayarta abin da ke ba ta dariya?" Muryar ta fito da zafi. "A gaban ubanta da gwaggonta da aku kake so ta yi maka tsalle?"

Ya tambaye ta ina ta san da aku. Ta ce Lima ce, kowa ya san falon kowa.

"Ba ka san fuskata ba," ta ce. "Wataƙila agana ta cinye rabi. Wataƙila matar wani ce ni. Wataƙila na haife ka."

"In ma idon nan kaɗai gare ki, ya ishe ni."

Sai hawaye. Ido ɗaya ake gani, amma duka biyun ke zuba, silikin ya manne mata a kumatu. Shi ya ɗauka na farin ciki ne, kuma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ba a taɓa faɗa mata magana mai daɗin wannan ba, ba a kuma taɓa wulaƙanta ta haka ba, duk a numfashi ɗaya, daga baki ɗaya. Ta rasa wanda za ta fara ji.

Da ta tashi ɗaga mayafin a nan take, da an wuce wurin. Amma ran Casilda ya ɓaci, kuma mai ido ɗaya ce ke da bakin rama mata.

"To ji sharaɗina. Ba ubanta za ka faɗa wa ba, ita za ka faɗa wa. Ka kalli fuskarta ka maimaita abin da ka faɗa min, kada ka rage. In ka iya, ka zo rumfar furanni ran Litinin da hantsi, zan buɗe maka fuskata."

Ya rantse zai yi.

Da Gwaggo ta ji, ta ce wannan hauka ne da takalmi, wa ya taɓa ganin mace ta aika a ƙi ta? Casilda ta ce ta yi lissafinta. In ya iya faɗa mata gaskiya a fuska, to namiji ne, kuma wadda yake so ɗin ita ce dai. Zai sha wuyar kwana ɗaya, ta huce, ran Litinin a daidaita. Baba zai yi faɗa, amma Baba ya saba.

Da safen Lahadi a coci, duk 'yan matan da ke durƙushe suna roƙon Allah ya kawo miji. Casilda kaɗai ke roƙon nata ya ƙi ta.

* * *

An yanka agwagwa biyu, an dafa da shinkafa. An yi kunun shuɗiyar masara an yayyafa masa kirfa. Don Melchor ya saka kwat ɗin da ya yi aure da shi, ya gayyato maƙwabcinsa mai sayar da huluna ya zama shaida.

Nicanor ya iso fuska ba jini. Ya gaida kowa, ya ƙi zama, ya ce ranka ya daɗe, in an yarda yana so ya ga Casilda su biyu, minti biyar. Don Melchor ya kalli mai huluna, mai huluna ya ɗaga kafaɗa. Aka ce su je tsakar gida wurin randa, inda ana hango su ta taga.

Suka tsaya, randa a tsakaninsu tana ɗiga.

Casilda ta yi niyyar ɗaga kai ta kafe shi da ido. Tun jiya take gwadawa a madubi. Amma ga tagar, ga inuwar ubanta a ciki, ga fuskarta a fili iska na taɓa ta ko'ina. Wuyan ya ƙi. Duk maganganun da ke zuba mata a kan gada, ta laluba ba ko ɗaya. Ta ga hannunta ya kama bakin rigarta yana murzawa, kamar kullum.

"Casilda," ya ce. Ya sake cewa, "Casilda."

"Ka faɗi abin da ke ranka," ta ce can ƙasa. "Ko me ne ne, zan ɗauka."

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma shi ya ɓata komai. Hawaye ya ɗigo a bayan hannunta. Ya ga yadda ta rame, ya ga zoben azurfar da ya ba ta bara yana yawo a yatsa. Ta ji numfashinsa ya canza. A zuciyarta tana cewa faɗi mana, faɗi, kai dai faɗi.

"Ba komai," ya ce. "Dama so nake in ji ko har yanzu kina so na."

Ta gyaɗa kai. Me za ta yi in ba haka ba?

Ya koma falo ya durƙusa gaban Don Melchor ya nemi aurenta da kalmomi masu kyau, har mai huluna ya share ido. Aka sa rana, Asabar ta farko a watan gobe. Aka buɗe kwalbar giyar da aka ajiye tun ranar da aka yi wa Casilda baftisma. Nicanor ya ci agwagwa kamar mai tauna tsumma, Casilda ba ta taɓa tata ba, kowa ya ce kunya ce ta amare.

Da baƙi suka watse Gwaggo ta same ta a ɗaki. Ta ce to alhamdu, an samu abin da ake nema, a ƙona siket ɗin nan a huta. Casilda ta ce akwai Litinin.

"In ya zo, ya ci amanarki. In bai zo ba, ya ci amanar waccan. Wanne kike so ki gani?"

Casilda ta ce ba ta sani ba, amma za ta je. Kuma wannan karon ko me ya faɗa za ta buɗe fuska.

Ran Litinin da hantsi ta hango shi tun daga bakin majami'a. Ya riga ta zuwa. Ba fure a hannunsa, ba akwatin goge.

Ba ta yi masa barkwanci ba, shi ma bai jira ba. Ya ce bai iya ba. Ya ce ya buɗe baki sau biyu, ya ga hawayenta, ya ji in ya faɗa to shi ba mutum ba ne. An sa rana. Ya zo ne don kada ta tsaya jira, ta ce ya raina ta.

Ta ja shi bayan ginshiƙi, inda masu wucewa ba sa gani. Ta sassauta yatsun da ke riƙe da bakin mayafin.

"Na yi maka alkawarin fuskata."

"Kada ki buɗe." Ya juya mata baya da sauri, ya fuskanci bango. "Don girman Allah kada ki buɗe. Ban cika sharaɗi ba. Kuma in na gan ki, duk inda na shiga a garin nan fuskar zan riƙa nema, har in mutu. Bar ni da idon, shi ma ya yi min yawa."

"Nicanor, ka juyo."

Karon farko ke nan da ta kira sunansa daga cikin mayafi, amma zaitun na kunci, kuma shi ya yi nisa cikin maganarsa.

Ya ce jiya bai runtsa ba, ya yi ta tunani, kuma ya samu abin da zai riƙe. Ya ce gaskiya ba ya jin Casilda a ransa yadda yake jin ta, ƙila ba zai taɓa ji ba. Amma akwai abu ɗaya da Casilda ke da shi wanda shi ba shi da shi, ita ma mai mayafi ba ta da shi.

"Ba ta san yaudara ba. An ce ta yi alkawari a kan gicciyen uwarta, ta zauna a ɗaki wata biyu tana ramewa, ko taga ba ta leƙa ba. Ni kuwa ina nan ina cin ƙosai a kan gada. Mace irin wannan, ko ba ka mutu a kanta ba, za ka iya ɗora kanka a kan amanarta ka yi barci. Shi ne kaɗai ya sa zan iya auren nan. In babu shi, ban san me ya rage ba."

Mayafin ya riga ya zame har goshi. Iska na taɓa mata kumatu. Bayansa kawai take kallo, da kwalar nan a karkace, taku ɗaya tsakaninsu. In ya waiga yanzu, shi ke nan.

Bai waiga ba. Mutum ne mai cika magana in ta zo da sauƙi.

A hankali ta jawo silikin ta mayar, ta damƙe bakinsa a ƙarƙashin ido.

"Na rufe," ta ce. "Kana iya tafiya."

Ya ce ta yafe masa. Ya ce Allah ya haɗa ta da wanda ya fi shi. Ya bi ta cikin rumfunan da sauri, kai a ƙasa, har ya yi karo da jakin mai ruwa bai tsaya ba da haƙuri ba.

Ta bi doguwar hanya zuwa gida. A zaure ta wuce ubanta yana auna farin leshi da kansa, mafi tsada a rumfarsa, wanda ya hana matar gwamna bara. Bai ɗaga kai ba, ya ɗauka ɗaya daga cikin ƙawayen yayarsa ce.

Gwaggo na zaune bakin gado tana jira.

"Ya zo?"

"Ya zo."

"Kin buɗe?"

Ta girgiza kai. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gwaggonta, mayafin har yanzu a kanta, hannun ya ƙi sakinsa. Doña Petronila ta tambaya me ya ce.

"Ya rabu da ni, Gwaggo," Casilda ta ce. "Watan gobe zai aure ni."